Ubale Kafinta da Ƙauyen da Ya Gina a Kan Ƙyaure

Duk wanda ya zauna a unguwar Sa'alaba ta birnin Jidda zamanin da ake sayen ruwa garwa-garwa ya san Ubale kafinta, ko da bai taɓa kai masa aiki ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, har mutane na rantsuwa da shi aka ɗaura masa aure. Usuman ne sunansa na yanka. Sunan kakansa na wajen uwa aka mayar masa, don haka mahaifiyarsa, Inna Turai, ba ta iya kama sunan, sai ta ce Ubale, unguwa kuma ta bi bakinta. Larabawan tsohon gari da yake gyara wa tagogin nan na katako masu ado, waɗanda ake kira roshan, su Osman suke ce masa. Kowanne aka kira yana amsawa, in dai ba shayi ke hannunsa ba.

Aiki kam ya iya, wannan ba gardama. Aibinsa ɗaya, bai san an gama ba. Ka kai masa kujera mai karyayyar ƙafa ɗaya, sai ya gyara ƙafar, ya ja da baya ya duba, ya ga ta fi sauran ukun kyau, ya cire su su ma. In ka zo karɓa ya ce maka, "Bukra, in sha Allahu." Goben Ubale kuwa, in ji matarsa Luba, ta fi azumin bazara tsawo.

A Jidda aka haife shi, a Jidda ya girma. Iyakar tafiyarsa Makka da Madina, sai Ɗa'ifa sau ɗaya, inda ya dawo da mura. Bai san damina ba, sai ɗan ruwan da kan zo shekara-shekara ya cika lunguna da taɓo ya wuce. Jirgin ƙasa na gaske kuwa ko a mafarki bai taɓa gani ba. To wannan bawan Allah ne ya kwashe shekara takwas yana gina wani ƙauye na ƙasar Zazzau, da rafinsa da gonarsa da hanyar dogo, a kan tsofaffin ƙyamare biyu.

Inna Turai 'yar Kwarin Ɗorawa ce, wani ɗan ƙauye a gefen hanyar jirgin Zariya zuwa Kano. Tana amarya ta biyo mijinta zuwa aikin Hajji, a ƙasa, kamar yadda ake yi a da. Shekara bakwai suna tafe, a yi noma nan, a tsinci auduga can, kafin su ƙetaro teku. Niyyarsu su sauke farali su koma. Guzuri ya ƙare, mijin ya ɗauki garwa yana sayar da ruwa, aka haifi Ubale, aka ce sai baɗi, aka sake cewa sai baɗi, har Allah Ya yi wa mai garwa rasuwa. Ashe a wajen uba Ubale ya gaji bukra.

Cikin duk kayan da ta fito da su daga gida, abu ɗaya ne ya iso Jidda: wata 'yar jar tukunya, ba ta fi ƙwaryar shan fura ba, wadda mahaifiyarta ta gina da yumɓun bakin rafinsu. Tun a Sudan ta tsage. Ba ta riƙe ruwa, ba a dafa komai a ciki. Tana nan dai naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin gadon Inna. Luba tun tana amarya take share ɗakin, ba ta taɓa matsar da ita ba.

A 1959 wani Bature injiniya zai bar ƙasar, ya kira Ubale ya haɗa masa akwatunan kaya. Wannan karon dole aka gama aiki a kan kari, don jirgin ruwa ba ya jin bukra. Da za a rabu, matar Baturen ta miƙa masa wani kwali. A ciki akwai jirgin ƙasa na wasa, baƙi, da taragu uku, da guntayen dogo da ake haɗawa su yi zobe. Akwai mabuɗi a gefensa, a murɗa, ya yi ta gudu. Don yaran gida aka ba shi. Yaran gida kuwa sun taɓa shi sau biyu, a gaban shaidu.

Da la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya haɗa dogon, ya murɗa mabuɗi. Jirgi ya kama zagaye yana ƙaƙas-ƙaƙas. Inna Turai tana jan carbi a inuwa, ta ɗago kai.

"Ubale, mene ne wannan ke kuka kamar gyare?"

"Jirgin ƙasa ne, Inna."

Ta matso, ta sunkuya, ta daɗe tana kallo. A lokacin idonta na dama ya fara yin fari-fari, amma na hagu yana nan garau.

"Shi ne kuwa," in ji ta. "Har da bututun hayaƙin. Amma wa ya ce maka jirgi yana tafiya a kan tabarma? Ina gadar? Ina kukar? Ina gonar Baba?"

Daga nan ta ɓalle da labarin da ba ta taɓa bayarwa ba. Gonar mahaifinta tana gab da dogo, tsakaninsu sai 'yar hanya. A ƙauyensu ba mai agogo, jirgin Kano ne agogonsu. In ya hau gada ya yi kuka, to rana ta take tsaka, sai a dama fura a ɗora wa Turai a ka, ta kai wa Baba gona. Ba ta taɓa shiga jirgin ba. Shekara da shekaru tana ɗaga masa hannu, ba wanda ya taɓa mayar mata sai wani mai zuba gawayi, shi ma sau ɗaya.

"Da Allah zai nuna mini wurin nan sau ɗaya kafin idon nan ya rufe," ta ce, ta koma kan carbinta.

Ubale ya san zuwa ba zai yiwu ba. Ba ta da takardar tafiya ta can ko ta nan. Gwiwoyinta ko gidan maƙwabta ba sa kai ta sai da hutu biyu. Kuma duk shekara ana tambayar alhazai labarin danginta, ba wanda ya san su. Ya ciro fensir daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar.

"Inna, tunda ba za ki je ba, ni zan kawo miki shi."

"Ka fara gama kujerar Liman tukuna," in ji Luba daga bakin murhu.

Ya samo ƙyamare biyu da aka cire daga wani tsohon gida, ya ɗora su a kan durom huɗu a rumfar bayan gida, ya kafa dogo. Wata uku yana aiki, sannan ya kamo hannun Inna ya kawo ta. Ta karkata kai ta duba da idon hagu. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ta dariya har ta nemi wurin zama.

Me za ta gani? Gidaje farare masu hawa uku-uku, kowanne da roshan ɗinsa, kamar na attajiran tsohon gari. Ƙasa fara fat, yashin bakin teku. Rafi busasshe cike da duwatsu, don duk kwarin da Ubale ya taɓa gani haka yake. Ita kuwa kukar, da aka ce masa ƙatuwar bishiya ce mai 'ya'ya a rataye, sai ya yi dabino mai ƙiba.

"Wayyo cikina! Luba, zo ki ga Kwarin Ɗorawa ta zo aikin Hajji ta ƙi komawa!"

Kowa ya yi dariya ban da Ubale. Ya yayibo wani tsohon zane ya lulluɓe aikin, ya ce wallahi Inna ba za ta sake gani ba sai ranar da ya gama. Luba ta ce da ta ji wannan rantsuwa gabanta ya faɗi, don ta san mai ita.

Daga ranar ya koma ɗalibi. Kullum bayan sallar la'asar zai kawo wa Inna shayi ya zauna a gabanta da guntun katako a cinya, yana tambaya yana rubutawa. Rumbu nawa ne a gidan? Zaure ina ya duba? Ruwan rafi wane launi ne? Ta ce da damina kamar shayi da madara. In lokacin Hajji ya zo, sai ya rufe shago ya nufi masaukin alhazai a bakin tashar jiragen ruwa, yana bin rumfa-rumfa yana neman Zage-zagi. Wanda ya samu, ya saya masa shayi, ya ba shi tsinke ya ce ya zana masa katangar gida a ƙasa. Wani tsoho daga Makarfi ne ya raba shi da dabino mai ƙiba. Ya ce, "Ɗana, ka tumɓuke bishiya ka dasa ta kai a ƙasa, saiwa a sama. In ka yi haka ka ga kuka da rani." Ubale ya dawo gida da sauri, ya sassaƙa gindi mai kauri, ya kafa masa saiwar aswaki a ka.

Sannu a hankali ƙauye ya fara fitowa, kayan gidan Luba kuma suka fara shiga. Duwatsu ya sassaƙa su daga toton da masunta ke ɗaura wa koma. Ganyen bishiya kuwa soson teku ne, ya busar, ya yayyage, ya rina. Ya samo gilashin wata motar da ta yi karo, ya shafa wa bayansa fenti mai launin shayi da madara, ya zama rafi. Ƙasa ya yi ta da dusar katako, ya jiƙa ta da lalle har ta yi ja, ya manna da ƙaro. Tururuwa suka ji ƙanshin ƙaro suka yo gayya, sai da ya zagaye gindin kowane durom da kananzir. Ɗorawar farko da ya yi, wadda ta cinye masa mako shida, akuyar maƙwabta ta cinye ta kafin a idar da sallar azahar.

"Abu Salihu, ina rariyata?" in ji Luba, don da sunan ɗansu na fari take kiransa.

"Tana aiki."

"Tsintsiyata ta yi sanƙo. Zaren ɗinkina ya zama wayar tangaraho. Finjalin gahawa shida na zo da su gidan nan, saura biyu."

"Sun zama rumbuna. Ki gode wa Allah, gidanki ba yunwa."

Babban mai ba da shawara, wanda ba a nema ba, shi ne Idris mai shayi. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan, ya yi shekara tara yana zuba gawayi a jirgin ƙasa kafin ya ƙetaro ya kafa teburin shayi a bakin layinsu. Tunda shi kaɗai ne a Sa'alaba ya taɓa shaƙar hayaƙin jirgi, sai ya naɗa kansa shugaban tasha. Kowa "ya zol" yake ce masa, wato "kai malam" a bakin mutanen Sudan.

"Ya zol, wannan kwanar ta yi tsanani. Jirgin gaske ya shiga nan, sai dai a tsinci fasinja a rafi."

"Fasinjojina na katako ne, ba sa nutsewa."

"To ina tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo? Haka za ka bar shi tsirara?"

Wannan maganar ta ja wa Ubale wata biyu yana farfasa dutsen teku yana tankaɗewa, don kada wata tsakuwa ta fi wata. Shi dai Idris iliminsa a kan dogo ya tsaya. In ka tambaye shi abin da ke gefen hanya, sai ya ce ai shi idonsa na kan wuta, kuma hanyarsu ma hamada ce, ba abin kallo.

Shekara ta bi shekara. Aka jawo famfo bakin unguwa, masu garwa suka ragu. Rediyo ya shiga gidaje. Ubale ya rushe gada sau huɗu ya sake. Da fari duk Juma'a Inna takan tambaya, "An gama?" Ya ce, "Bukra, Inna." Ta ce, "Allah Ya kai mu." Daga baya sai da Sallah take tambaya. Daga baya ta daina.

Gonar ya bari ƙarshe, don ita ce uwar aikin. Faɗinta bai fi babban faifai ba. Ya taɓa ganin lambuna a Wadi Fatima daga bayan mota, kore shar, a shimfiɗe kamar tafin hannu. Don haka ya goge wurin sumul, ya gwada da ma'auni har sau uku kada ya karkace. Sannan ya shiga shuka dawa. Kara na tsintsiya, ganye na takardar buhun siminti, zangarniya kuwa riɗi ne yake mannawa ƙwaya-ƙwaya da bakin allura. Kara ɗari huɗu da 'yan kai ya kafa. Bai nuna wa kowane alhaji ba. Wannan, in ji shi, mai gona ce za ta fara gani.

Wata safiya a 1967 Luba ta sa mayafi ta zo shago da ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Abu Salihu, ajiye zarton nan."

Ya ajiye.

"Yau da safe Inna ta gaida randa. Ta tambaye ta ya gajiya, ta tsaya jiran amsa. Jiya ta tsiyaya shayi a ƙasa, kofin yana gefe. Ta ce kada in gaya maka. Kai kana can kana gyaran ganye."

Ya san idon na tafiya, ba wai bai sani ba. Sai dai ya ɗauka na hagun zai jira shi, kamar yadda masu kujeru ke jira. A ranar ya kai ta wurin likita. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce wannan ba irin yanar da ake cirewa ba ce.

Washegari da hantsi ba a ji bukra ba. Ubale ya kamo hannun Inna ya kawo ta rumfa. Luba ta biyo su. Idris ya kife kofunansa ya zo, har da sabon rawani. Ubale ya yaye zanen. Ga Kwarin Ɗorawa nan, jar ƙasa, katangun laka, rumbuna huɗu, kuka, ɗorawa, rafi ya cika ya batse, dogo ya ratsa ta kan gada. Idris ya ce, "Masha Allah," a hankali, karon farko a rayuwarsa bai ƙara da gyara ba.

Inna Turai tana tsaye, fuskarta ta ɗan karkata wajen katanga, inda ba komai.

"Ka yaye?"

"Na yaye, Inna."

"To."

Ubale ya durƙusa a gabanta ya riƙe gefen zanenta.

"Inna, ki yafe mini. Na makara."

"Kai dai ubanka ka biyo," in ji ta. "Tashi ka ba ni hannu. Ni da nake zuwa rafi tun gari bai waye ba, ka ji an ce da fitila nake zuwa?"

Ya tashi ya ɗora yatsunta a kan zaure. Ta shafa ƙofar, ta bi katanga, ta shiga tsakar gida. Ta taɓa rumbu, ta kai yatsan hancinta.

"Wannan finjalin Luba ne."

"Rumbu ne, Inna."

"Na ji. Rumbu ne mai ƙanshin gahawa."

Da ta iso kan kuka sai ta tsaya, ta zagaye gindin da yatsa biyu, ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya. "Yauwa," ta ce. "Wannan ita ce." Ta taɓa rafi ta ce sanyinsa ya yi. Ta ƙirga ƙafafun gada ta ce haka suke. Ubale ya fara numfashi.

"Kai ni gona."

Ya kai hannunta. Yatsunta suka ratsa tsakanin karan dawa a hankali har suka taɓa ƙasa. Ta shafa gaba, ta shafa baya. Ta matsa gefe ta sake shafawa. Sai murmushin ya bar fuskarta.

"Gonar wa ce wannan?"

"Ta Kaka ce, Inna."

"A'a. Babana ba rago ba ne. Ba a yi wa gonar nan huɗa ba."

Ubale ya dubi Idris. Idris ya dubi rufin rumfa.

"Huɗa kuma, Inna?"

"Kunyoyi, Ubale! Ƙasar da ake tarawa da garma layi-layi, dawa ta hau bisa, ruwa ya bi kwari. Kai ka shuka dawa a kan faranti! Ruwan farko ne zai kwashe ta ya kai rafi. Sunan manomi a kanka, ba ka san huɗa ba."

"Shekara takwas ina tambayarki. Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ka taɓa tambayata ko mutanen garinmu suna da hanci?"

Gaskiyarta. Alhazai nawa suka sha shayin Ubale, sun zana masa zaure, sun zana rijiya, har yadda ake ɗaure jinka sun nuna masa, amma ba wanda ya ambaci huɗa. Wanda ya tashi a gona ba zai tuna akwai mutumin da bai san ta ba.

"A tumɓuke," in ji Inna.

Ubale ya shiga zare karan nan ɗari huɗu ɗaya-ɗaya yana jerawa a faifai, kamar mai cire haƙoransa da kansa. Da wuri ya zama fili, ya kawo yashi ya jiƙa. Ta tara shi da yatsa, ya zube. Ya kawo dusar katako mai lalle, ta murza ta ce wannan abincin jaki ne. Idris ya ruga bayan unguwa ya ɗebo laka. Ta shinshina ta kau da kai.

"Gishiri da ƙarnin kifi. Wannan ko kaza ba za ta tona ba."

Sannan ta ce, "Luba, shiga ƙarƙashin gadona ki ɗauko mini tukunyar nan. Ki zo da turmi."

Luba ba ta motsa ba.

"Inna, a'a," in ji Ubale. "Ita kaɗai fa ta rage miki."

"Shekara arba'in da tara ina ɗauke da ita, ba ta dafa mini ko ruwan zafi ba. Daga bakin rafin nan aka ɗebo ta. Ta koma gona ta yi aiki. Yalla, maza, Luba."

Aka kawo. Inna ta warware tsumman, ta shafa tukunyar ciki da waje, ta bi tsagar da babban yatsa, ta sa ta a turmi. Luba ta ɗaga taɓarya ta kasa saukewa. Sai tsohuwar ta laluba ta karɓa, ta yi bisimilla, ta buga da kanta. Daga nan Luba ta karɓa ta ci gaba, tana daka tana share ido da bakin mayafi, har ta zama gari.

"A tankaɗe," in ji Inna.

"Da me?" in ji Luba. "Rariyata ta shekara shida tana aikin jirgin ƙasa."

Ubale ya zaro ta daga ƙarƙashin ƙyaure ya miƙa mata.

Ya zuba jan garin a wurin gona, ya yayyafa masa ruwan ƙaro. Ruwan na taɓa shi wani ƙanshi ya tashi, wanda ba wanda ya san shi a rumfar sai mutum ɗaya. Inna Turai ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa. Ta ja numfashi mai tsawo.

"An yi ruwa," ta ce.

Sai ta sa babban yatsa da manuniya ta shiga tara ƙasar, tana matsewa tana ja, daga gefen dogo zuwa wajen rafi. Layi ɗaya, biyu, uku. Layukan suka ɗan karkace, wani ya fi wani kauri. Da ta gama tara, Idris ya kasa haƙuri.

"Ya Hajja, afuwan, amma kunyoyin nan sun kusa kai tagar jirgi. In a gaske ne, sai da tsani za a hau su."

"Ai haka suke," in ji ta. "Da ƙwaryar fura a ka, sai na ɗaga ƙafa sosai nake tsallake kowace. Kai kana ina a lokacin?"

Kowa ya dubi Ubale. Mutumin da ya tankaɗe tsakuwa wata biyu don kada wata ta fi wata, ga kunyoyi a gabansa sun fi rumbu ƙiba. An ga hannunsa ya tafi bayan kunne, ya taɓa fensir. Sai ya sauke shi.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Haka suke."

Ya mayar da dawa bisa kunyoyin, inda ta nuna masa, tazarar da ta ce. Ko rabin karan ba su samu wuri ba, bai damu ba. Kafin su gama inuwar rumfa ta dawo ƙarƙashinta, rana ta take tsaka. Ya murɗa mabuɗi, ya ɗora jirgi a kan dogo. Ya taho ƙaƙas-ƙaƙas, ya zagaya bayan kuka, ya nufi gada. Jirgin wasa ba ya kuka. Amma da ya hau gadar, Idris ya haɗa tafin hannunsa biyu a baki ya busa, doguwa da gajeriya, irin ta shekara tara a bakin wuta, har akuyar maƙwabta ta amsa.

Inna Turai ta ɗaga hannu, yatsunta jajaye da ƙasa, tana kaɗawa. Idris, tsohon mai zuba gawayi, ya ɗaga nasa ya mayar mata, ko da yake ba ta gani. Luba ce ta sunkuya ta raɗa mata.

"Ya mayar? To madalla, sau biyu ke nan," in ji ta. "Ke Luba, me kike jira? Jirgi ya yi kuka. Dama fura."

Ta ƙara shekara biyu a duniya. Kullum da rana tsaka sai an kai ta rumfa, a yayyafa wa gona ɗigon ruwa ta shaƙa, a saki jirgi, a sha fura. Ranar da Idris ke da ciniki, Luba ke yin kukan jirgin, Inna kuwa ta ce wannan jirgin na yau ba shi da lafiya.

Kada a ce Ubale ya canja hali. Kujerar Liman sai wanda ya gaje shi ne ya zauna a kai. A 1976 iyalin suka koma unguwar Kurayyat, gidan bene mai ƙananan ɗakuna, ba inda ƙyamare biyu za su shiga. Ya rarraba ƙauyen. Luba ta karɓi finjalinta huɗu da jinkarsu. Jirgin, da mabuɗinsa ya daɗe da daina murɗuwa, ya koma teburin shayin Idris. Gonar kaɗai ya yanko da zarto, ya yi mata akwati mai murfin gilashi, ya ajiye a gefen gadonsa.

Har ya tsufa, in ya yi baƙo daga cikin alhazai yakan fito da ita. In manomi ne sai ya duba ya yi murmushi, ya ce huɗar ta yi, sai dai kunyoyin sun yi girma. In ya matsa kusa kuma ya ga sawun yatsa a jikin kowace. Wata shekara wani magini daga Zariya ya lura gefen kunya ɗaya ya ɓantare. Ya ce, "Malam Ubale, ga ka kafinta, ɗan gyara kaɗan ne ya rage mata."

Ubale ya mayar da murfin gilashin a hankali.

"A'a," ya ce. "Wannan an gama ta."